Farfaɗo da Tsohon Keke da Kayan Kwance da na Ƙirar Hannu

Abin da ya fi kashe tsohon keke a hannun mai gyara abu biyu ne: guduma da aka ɗaga kafin lokacinta, da noti da aka tilasta shi shiga inda ba nasa ba. Tsatsa ba ta kai su ɓarna ba. Kekunan da aka ƙera kafin shekarun 1980 ba awo ɗaya suke bi ba, kowace ƙasa da nata, wani kamfanin ma da nasa shi kaɗai. Don haka wannan aiki, daga farkonsa har ƙarshensa, aikin awo ne. Wanda ya iya aunawa zai tara kaya daga matattun kekuna uku ya fitar da ɗaya mai lafiya.

Ka tanadi sifanu, har da siririn sifana na kon (notin nan mai tsini da boris ke gudu a kansa), sukudireba, filaya, magagari, zarton ƙarfe, ma'aunin kauri mai nuna milimita, tef ɗin awo, maganaɗisu don tsince boris, giris, kananzir, man sassauta tsatsa, tsummoki, da ƙananan gwangwanaye da za ka rubuta wa suna. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton kowane ɓangare da waya, musamman jerin wosha da noti a kan aksil.

Duba firam kafin ka kashe masa ƙarfi

Wanke firam ɗin, ka kai shi haske. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuyan keke. Idan ka ji ƙullutu ko ka ga fenti ya yi yamutsi a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba, bututun ya lanƙwashe. Sai ka duba fok daga gefe: rabinsa na sama ya kamata ya bi layi ɗaya da wuyan. Fok ɗin da ya koma baya shaida ce ta biyu.

Tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta ci ƙarfe daga ciki, kuma ta fi zama a ƙasan bututun sirdi da ƙafafun baya kusa da cibiyar feda, inda ruwa ke kwanciya. Danna wuraren da bakin sukudireba. In ƙarfen ya lotsa ko ya huje, wannan firam ya zama na cire kaya. Tsagewa a mahaɗar bututu ma haka, sai dai in kana da mai walda da ya san aikin tagulla, domin yawancin tsofaffin firam da tagulla aka haɗa su, wutar walda ta lantarki kuma tana ƙona siririn bututu.

Gwajin miƙewa da zare ake yin sa. Ɗaura zare a ƙarshen ƙafar baya ta dama, ka zagaya da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaura a ta hagu. Auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin milimita 1 ko 2 ba damuwa. Fiye da haka, firam na ƙarfe yana gyaruwa da dogon katako a hankali, kaɗan-kaɗan ana sake awo. Firam na alminiyam ba a tanƙwara shi, karyewa yake yi.

Gane asalin keken

A nan ne ya kamata a daɗe, domin duk kayan da za ka tsinto sun dogara da wannan. Tiredi, wato haƙoran da noti ke bi, ya bambanta a cibiyar feda. Na Ingila, wanda ya zama gama-gari, inci 1.37 ne da haƙora 24 a kowane inci, faɗin gidan milimita 68, kuma kofin dama (kofi shi ne mazaunin boris), ɓangaren sarƙa, tiredin hagu gare shi: juyin da ke ɗaure sauran notuna shi ke kwance shi. Na Faransa milimita 35 ne, kofuna biyun duk tiredin dama. Na Italiya milimita 36, shi ma duk dama, faɗin gidan 70.

Sai Raleigh. Kekunan da kamfanin ya ƙera a masana'antarsa ta Nottingham, musamman masu giya uku da manyan nan masu birkin sanda, suna da haƙora 26 a inci, a cibiyar feda da kuma wuya, faɗin gidan cibiyar feda kuma ya kai milimita 71 ko 76. Kofi mai 24 zai shiga zagaye ɗaya ko biyu cikin sauƙi, sannan ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ƙara ƙarfi, ya cinye tiredin firam ɗin. Ƙa'idar ita ce duk abin da ke da tiredi ka fara shigar da shi da yatsu. In bai yi zagaye huɗu ko biyar da yatsu ba, fitar da shi ka bincika dalili. Saboda haka ne muke cewa kada ka yar da kofunan Raleigh na asali ko da sun ɗan ci. Samun madadinsu sai daga wani Raleigh ɗin.

Kekunan Phoenix da Flying Pigeon na Sin, da Hero da Atlas na Indiya, an yi su ne a kan fasalin manyan kekunan Ingila. Wili, madigadi, sandunan birki, murfin sarƙa da kariya nasu sukan dace da tsohon keken Ingila da ɗan gyara. Amma kada ka ɗauka tiredinsu ɗaya ne, gwada da yatsu.

Girman taya ya fi komai ruɗarwa. Manta da incin da aka rubuta, nemi lambar da ke kama da 40-635 a gefen taya. Lamba ta biyu ita ce faɗin da'irar rim da milimita, daga gefe zuwa gefe ta tsakiyar wili, a inda taya ke zama, kuma dole ta yi daidai. Taya 28 x 1 1/2 ita ce 635. Wadda ake kira 700C, da wasu ke rubuta wa 28 ita ma, 622 ce. 27 x 1 1/4 ita ce 630. 26 x 1 3/8 na Ingila 590 ce, 26 na keken hawan dutse kuwa 559. Babu ɗaya da ke hawa rim ɗin wata.

Kwancewa

Kwana ɗaya ko biyu kafin ka fara, ɗiga man sassauta tsatsa a kan kowane noti, da bakin sandan sirdi da sandan wuya. Fara da waɗannan sanduna biyu tun wili na jiki, don ka sami abin riƙewa. Sandan wuya: sassauta dogon bol ɗin sama zagaye uku, ɗora katako a kansa, ka buga sau ɗaya don ƙullin ciki ya saki. In sandan sirdi na ƙarfe ne ya maƙale, mai da haƙuri suna fitar da shi. Juya firam ɗin ƙasa, ka zuba man ta cikin cibiyar feda ya sauka. In na alminiyam ne a cikin bututun ƙarfe, man ba ya cin farin garin da ya haɗe su. Matse kan sandan a bayis ka riƙa juya firam ɗin gaba ɗaya. In ya ƙi, yanke shi ka bar santimita 2 a waje, ka tsaga shi ta ciki da tsinken zarto a tsaye, kana lura kada ka taɓa bututun.

Fedar hagu tiredin hagu gare ta. Ka tuna da wannan kafin ka hau kan sifana.

Kota, ƙaramin ƙarfen nan da ke riƙe hannun feda a kan aksil, ita ce ke sa mutane kuka. Sassauta notinta har ya yi daidai da ƙarshen tiredin. Sami guntun bututun ƙarfe da zai tsaya daga ƙasa ya tokare hannun fedar, kan kotar yana kallon ramin bututun. Sannan ka yi bugu ɗaya mai ƙarfi. Ƙananan bugu da yawa suna lanƙwasa tiredin kawai, bugu ba tare da tokari ba kuwa yana sauka a kan boris ya ɓata kofuna. Bayis da babban noti a matsayin rami ya fi guduma aminci, in kana da mai riƙe maka firam.

Kofin dama na cibiyar feda, in yana da lafiya, bar shi a wurinsa ka wanke shi ta ciki. In dole ne ya fita, ka yi abin cire shi da kanka: babban bol mai kaurin da zai cika ramin kofin, wosha huɗu ko biyar ta ciki, wosha da noti ta waje. A kofi mai tiredin hagu, ci gaba da ɗaure notin waje shi ke juya kofin ya fito.

Duk inda ka buɗe boris, shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka ƙirga su, ka auna ɗaya. Abin da aka fi samu shi ne 1/4 na inci guda 11 a kowane gefen cibiyar feda, 1/4 guda 9 a kowane gefen hob (cibiyar wili) na baya, 3/16 guda 10 a kowane gefen hob na gaba, da 5/32 a wuya. Wasu tsofaffin kekunan suna saɓa wa wannan, shi ya sa ƙirgar taka ta fi.

Tsatsa da fenti

Kurom da ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa, ka murza shi da takardar alminiyam da aka dunƙule aka tsoma a ruwa. Ta fi kurom laushi, ba ta karce shi. Ƙananan kaya kamar notuna, maƙallai da sandunan birki, jiƙa su a ruwan khal na dare ɗaya, ka goge da burushin tagulla, ka ɗauraye a ruwan da aka sa bekin soda don ya kashe tsamin, ka busar nan take ka shafa mai. In ka bar su a jiƙe, kafin awa ɗaya sabuwar tsatsa ta fito. Kada ka jiƙa alminiyam ko boris da kon a ruwan tsami. Su kananzir ne nasu.

A ganinmu, fentin asali in ya rage ko da kashi biyu cikin uku, a bar shi. Fentin gasawa na masana'anta ya fi duk abin da za ka fesa a gida ƙarfi, ga zanen layin zinariya da tambarin da ba za su dawo ba. Wanke shi, goge da man goge mota mai laushi, taɓa wuraren da suka fashe da ɗan burushi, ka rufe da kaki.

In sabon fenti za ka yi, cire tambarin wuya tukuna ta hanyar tura ƙusoshinsa daga ciki. Goge da samfefa mai lamba 180, sannan 320, da ruwa, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, ƙurarsa kuma guba ce. Toshe tiredi da bakin bututu da takarda. Fesa fentin ƙasa sau biyu, launi sau uku, kowanne siriri, gwangwanin yana nesa da kimanin santimita 25. Fara da lunguna da mahaɗai, ka ƙare da dogayen bututu. Fentin da ya zubo alamar an matso kusa ne ko an tsaya wuri ɗaya. Wanda ya yi kaushi kamar yashi an yi nisa. Bar shi mako biyu kafin ka ɗaura masa komai, ko da ya bushe a taɓawa. Cikin bututu kuma ka zuba ɗan dafaffen man linsid ka jujjuya ka tsiyaye. Tsumman da ya sha wannan mai yana iya kamawa da wuta da kansa in an dunƙule shi, don haka shanya shi a buɗe ko ka tsoma a ruwa.

Abin da ake tsintowa da wanda ba a tsintowa

Daga mataccen keke ka ɗauki madigadi, kariya, ƙararrawa, fitila, murfin sarƙa, hob, hannun feda, kon da kofuna masu santsi, da duk wani noti da wosha. Gwada kon da bakin biro: bi layin da boris ke gudu, in ka ji rami ko kaushi, ya gama aiki. Mirgina aksil a kan gilashi ka ga ko ya miƙe.

Boris, kota, robar birki, wayar birki, tib da taya kuwa sababbi za ka sa. Kada ka gauraya tsohon boris da sabo, domin girmansu ya ɗan bambanta, manyan ne kaɗai za su ɗauki nauyi. Fok, sandan wuya da kan keke da suka taɓa lanƙwashewa, musamman na alminiyam, ba a miƙe su a mayar. Waɗannan in sun karye, fuskar mahayi ce ke isa ƙasa da farko.

Wili

Matsa sifok biyu-biyu da hannu ka ji masu sako-sako. Ɗiga mai a kan kowane notin sifok ka bar shi ya kwana. Juya keken ƙasa, ɗaura igiyar roba mai kulle kanta a jikin fok, ka yanke ta yadda bakinta zai kusa taɓa rim. Inda rim ya karkata dama, ɗaure sifok ɗin da ke zuwa gefen hagu na hob da kwatan zagaye, ka sassauta na dama da kwata. Kada ka wuce haka a lokaci ɗaya. Don sanin ko rim yana tsakiya, cire wilin ka juya shi ka mayar. Tazarar ta zama ɗaya.

Idan rim za ka sauya, ƙirga ramuka. Tsofaffin kekunan Ingila da yawa suna da 32 a gaba da 40 a baya, alhali abin da ya fi yawa a sauran kekuna 36 ne. Birkin sanda kuma yana jan roba ne sama ta kama cikin rim, don haka yana buƙatar rim irin Westwood mai faffaɗan ciki. Rim na birkin waya ba zai yi masa ba. In za ka sauya wili 630 da 622, robar birki za ta sauka da milimita 4, ka tabbata hannun birkin yana da wannan sarari. Rim na ƙarfe mai kurom yana da kyau a ido, amma birki ba ya kama shi sosai in ya jiƙe. Wanda zai riƙa hawa cikin ruwan sama da keke mai birkin waya, rim na alminiyam ya fi masa.

Hob ɗin Sturmey-Archer AW mai giya uku, wanda aka fara yi a 1936, yana ɗauke da shekara da watan ƙira a jikinsa, hanya mafi sauƙi ta sanin shekarun keken in wilin na asali ne. Yawancinsu ba sa buƙatar buɗewa. Zuba ɗan cokali na mai mara kauri ta murfin jikinsa, ka juya, ka saurari ƙarar tik-tik ta dawo. Man girki yana daskarewa ya riƙe haƙoran ciki, kada ka sa. Saitinsa a giya ta biyu ake yi: kafaɗar siririn sandan da ke manne da 'yar sarƙar ta yi daidai da ƙarshen aksil. In saitin ya kauce, feda za ta zame fayau tsakanin giya ta biyu da ta uku. Hob mai ba da wuta na Dynohub kuma, kada ka raba maganaɗisunsa da abin da ke cikinsa, nan take yake rasa ƙarfi.

Kayan ƙirar hannu

Abin matsa kofunan wuya: dogon ƙarfe mai tiredi, manyan wosha biyu da noti biyu. Shafa giris, ka matsa kofi ɗaya a lokaci guda, kana duba kada ya shiga a karkace.

Kyallen cikin rim: yanka tsohon tib a tsaye daidai faɗin kwarin rim, ka huda ramin bawul, ka manne bakin biyu da gam ɗin faci. Wannan ya isa ga rim mai bango ɗaya. Rim mai bango biyu yana son kyalle mai tauri, domin iska tana tura roba cikin ramuka.

Cikon sanda: gwangwanin lemo na alminiyam kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, zagaye ɗaya yana ƙara kusan 0.2 a kaurin sanda. Yana maganin sandan sirdi da ke zamewa kaɗan. In gibin ya fi haka, nemi sandan da ya dace. Sandan wuya na Faransa 22.0 ne, na sauran 22.2, ana iya rage na 22.2 da samfefa ya shiga fok ɗin Faransa. Kowane sanda ya shiga aƙalla santimita 6.5.

Mariƙin hannu: naɗa kyallen auduga mai faɗin santimita 2 daga ƙarshen kan keke zuwa ciki, kowane zagaye ya hau rabin na baya, ka ɗaure ƙarshen da zare mai ƙarfi, ka shafa shalak, wato wani irin banish, sau uku ko huɗu. Ko ka yanka fata ta gaza zagaye ƙarfen da milimita 2, ka huda ramuka, ka jiƙa, ka ɗinke a jikinsa. In ta bushe za ta kama gam.

Sirdi: in ƙarfen ƙasa yana da lafiya, cire tsohuwar fatar ta hanyar huda ƙusoshin, ka jiƙa ta ka shimfiɗa ta zama ma'auni. Yanka sabuwa daga jimammiyar fata mai tauri, kaurin milimita 4 zuwa 5. Jiƙa ta a ruwa mai ɗumi har kumfa ya daina fita, ka lanƙwasa ta a kan ƙarfen, ka ɗaure da kyalle ta bushe a inuwa kwana biyu. Mayar da bol ɗin hanci baya gaba ɗaya kafin ka huda ramuka, don ka sami abin ja daga baya. Kafa ta da ƙusoshin jan ƙarfe, daga tsakiyar baya zuwa gefe. Mai da yawa yana sa fata ta saki ta zama kamar raga, shafa kaɗan.

Kariya ta katako a kan tsohon ƙarfen kariya tana da sauƙi: filanki siriri uku ko huɗu, a shafe su da fenti mai hana ruwa, a ɗaure da bol. In firam ba shi da ramin ɗauri, lanƙwasa siririn ƙarfe ya zagaye bututun, ka sa guntun tib a ƙarƙashinsa don kare fenti. Tsohuwar fitila kuma a cire ƙwan a sa na LED da batir a ciki, fasalinta na nan, haskenta ya ƙaru.

Haɗawa

Fara da wuya da cibiyar feda. Cika kofi da giris, jera boris. In ka manta adadi, cika layin har ya rufe. In na ƙarshe ya shiga da matsi, cire shi. Ɗaure har girgiza ta ɓace amma abin yana juyawa da yatsa, ka riƙe kon ko kofin da sifana ɗaya, ka kulle notin da ɗaya, ka sake gwadawa, domin kullewa tana sauya saitin.

Kota tana da kauri daban-daban, 9.5 a kekunan Ingila, 9 a yawancin na Faransa da Italiya. Sayi biyu iri ɗaya. In sabuwa ba ta shiga sosai ba, goge shafaffen gefenta da magagari, ka yi wa ɗayar daidai haka. Su kalli saɓanin juna: in hannun dama yana gaba kan kotarsa yana sama, to hannun hagu da ke baya nasa kan yana ƙasa. In ba haka ba, hannayen biyu ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Guduma da tokari ko bayis ne ke shigar da kota. Notin riƙewa kawai yake yi, in ka ja da shi tiredin zai tsinke.

Sarƙa mai faɗin 1/8 ita ce ta keke mai giya ɗaya ko hob mai giya uku, 3/32 ta mai sauya faifai. Auna tsohuwar: daga wani fil zuwa na 24 bayansa inci 12 ne cif a sabuwa. In ya wuce da 1/16, sauya ta. In ya kai 1/8, ƙaramin faifan baya ma ya ci. Wannan dama ce ta sassauta giyar: tsofaffin kekuna sukan zo da faifan baya mai haƙora 18, mai 22 kuwa yana sauƙaƙa hawan tudu sosai, sai dai a ƙara tsawon sarƙa. Juya feda ka nemo inda sarƙar ta fi tauri, a nan ka bar mata wasan kusan santimita 1 sama da ƙasa. Makullin sarƙa, rufaffen bakinsa ya kalli inda sarƙar ke tafiya.

Robar birkin da ke zamewa cikin gidan ƙarfe, rufaffen gefen gidan ya kalli gaba, in ba haka ba rim zai fizge robar ya fitar. Saita ta milimita 2 zuwa 3 daga rim.

Gwajin farko a fili mara motoci za ka yi shi, a hankali, birki ɗaya bayan ɗaya. Riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Ƙwanƙwasa daga wuya na nufin saitin ya yi sako. Sautin da ke zuwa sau ɗaya a kowane zagayen feda yawanci kota ce ko feda. Bayan kimanin kilomita 50, sake buga kotocin biyu da tokari ka ɗaure notinsu, duba sifok da wasan sarƙa, ka ƙara jan wayar birki, domin sabuwar waya da gidanta suna zama cikin kwanakin farko.